Cinikin Biri a Sama

Akwai wata fatawa da ta yaɗu tsakanin samarin Kano masu gina wa mutane shafukan intanet: da zarar ka ga jan da'ira mai lamba a WordPress, danna sabuntawa kawai, ba sai ka tsaya karatu ba. Wai sabo ya fi tsoho, wai masu rubuta fulogin sun fi ka sanin abinsu. Ni kam ban yarda ba. Fulogin ƙaramar manhaja ce da kake ɗaura wa shafinka, ka ba ta mabuɗin gidan gaba ɗaya. Wa ke miƙa mabuɗi bai kalli fuskar mai karɓa ba?

Ina da ƙane a Dukawuya, yana kula da shafin wata Islamiyya da na wani mai shadda a Kantin Kwari. Wani dare bayan sallar isha'i wuta ta dawo, ya buɗe kwamfuta, ya zaɓi fulogin goma sha ɗaya ya sabunta su a danna guda, ya kwanta. Da safe fom ɗin rajistar ɗalibai ya ɓace, shugaban makarantar yana ta kira. Na ce masa, "Me ya canza?" Ya sosa ƙeya: "Wallahi Yaya, ban duba ba." Kuma ga shi nan dab da wurin dannawa, layin da ke buɗe Changelog, jerin abin da aka ƙara, aka gyara, aka cire. Karatun minti biyu ne. Ya kwashe yini guda yana kashe fulogin ɗin ɗaya bayan ɗaya yana neman mai laifi.

Ba shi kaɗai ba ne. A Agustan 2020 WordPress 5.5 ta fito, ta daina loda jQuery Migrate, tsofaffin fulogin da jigogi masu dogaro da ita suka rikice a shafuka da yawa. An sanar tun kafin fitowar, mutane ne ba su karanta ba. Abin dariya, a sigar nan ce aka kawo damar sabunta fulogin ta atomatik.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne labarin Display Widgets a 2017, fulogin da ke kan shafuka kusan 200,000. Aka sayar da ita, sabon mai ita ya cusa ƙofar baya a cikin sabuntawa, yana liƙa tallan banza a shafukan mutane. Ɓarawo ba zai rubuta satarsa a Changelog ba, na sani. Amma mai dubawa zai lura sunan marubuci ya sauya, zai ga ƙorafin jama'a a sashen tallafi, ya dakata.

Kada wani ya ce na hana sabuntawa. A Satumban 2020 an gano rami a fulogin File Manager, aka toshe shi a siga ta 6.9, waɗanda suka yi jinkiri suka sha kutse. To ta yaya za ka bambance gyaran tsaro na gaggawa da sauyin da zai iya jira, in ba ka karanta ba?

Samarin Dukawuya da Kabuga, kuɗi kuke karɓa a hannun mutane. Ku ajiye kwafin shafi tukuna, ku karanta, ku sabunta ɗaya bayan ɗaya, sannan ku buɗe shafin a waya ku gwada fom ɗin da hannunku.