A Ware Wa Jarirai Rabonsu Tun Daga Masussuka

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in yi magana da 'yan'uwana magidanta, musamman manoma irina, game da wani al'amari da muka ɗauka na mata ne kawai, wato abincin da ake fara bai wa jariri idan ya cika wata shida.

Ni manomi ne a ƙasar Funtuwa. Ina noma dawa da masara da ɗan gero, da gyaɗa da waken suya. In an kawar da amfanin gona kuma ina taɓa ɗan kasuwanci, ina da tebur a bakin kasuwa inda nake sayar da sukari, ganyen shayi, sabulu, har da abincin yara na gwangwani da na leda. Karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka ba likita ne ke magana ba. Abin da ya faru a cikin gidana ne ya sa na ɗauki biro.

A daminar 2022 'yar autata tana da wata tara. Yarinyar nan tun haihuwarta ɓul-ɓul take, kowa ya gan ta sai ya ɗauka. Da ta kai wata shida uwarta ta fara haɗa mata da koko, kamar yadda aka yi wa yayyenta. Kafin watan Agusta ya ƙare sai yarinya ta soma zubewa, ga gudawa ba ta tsayawa, gashin kanta ya yi laushi ya koma ja-ja, wasa ma ta daina. Muka ce haƙori ne. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne, kowa da maganin da yake kawowa. Sai da abin ya ba ni tsoro sannan na ɗauke su a babur zuwa asibiti.

Malamar asibiti ta ɗauko wani ɗan tsiri mai launi uku, kore da rawaya da ja, ta naɗa a damtsen yarinyar, sai ya tsaya a kan ja. Ta ce duk yaron da kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, tamowa ce mai tsanani. Daga nan ta dube ni ta ce, "Malam, mene ne sana'arka?" Na ce noma. Ta ce, "Bara buhu nawa ka samu na waken suya?" Na faɗa mata, har da ɗan alfahari. Ta ce, "To mudu nawa ka bar wa wannan yarinyar?" Wallahi Edita ban iya ce mata komai ba, domin ko ƙwaya ban bari ba, duk na kai kasuwa tun da kaka.

Aka rubuta mana magani, aka ba mu wani abinci a cikin 'yan ledoji aka ce ta riƙa sha kullum. Da muka zo gida na lakata na ɗanɗana, don in ji wane irin abu ne wannan da zai ta da yarinyar da ta kwanta. Sai na ji gyaɗa! Gyaɗa ce aka niƙa aka haɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran ƙarin lafiya. Ranar nan na daɗe zaune a zaure ina tunani. Ni da nake noma gyaɗa shekara fiye da ashirin, 'yata ce ke kwance sai an kawo mata gyaɗa a leda daga wani wuri. Abin nan da Hausawa ke cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa, to a gidana na gan shi. Alhamdu lillahi ta warke cikin kamar wata biyu, yanzu har tana bin yayyenta makarantar allo.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, ba yunwa irin ta rashin hatsi ce ta kama ta ba, domin rumbuna bai taɓa zama wayam ba. Kokon ne bai ƙunshi komai ba. A jiƙa gero, a niƙa, a tace, a zubar da dusa, sannan a dama shi tsararo saboda wai kada ya shaƙe yaro. Cikin jariri kuwa ɗan ƙarami ne, in ka cika shi da ruwa ina wurin abinci? Yaro ya sha ya yi gyatsa, uwa ta ce ya ƙoshi, alhali kuwa ruwan zafi ne da ɗan ƙullu. Kafin wata shida nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Daga wata shida nono ba ya isarsa shi kaɗai, sai an haɗa da abinci mai gina jiki, ana kuma ci gaba da shayarwa har shekara biyu, kamar yadda addininmu ma ya yi bayani.

Wani zai ce ai ga na gwangwani. Ni mai sayar da shi ne, ba zan ce ba shi da kyau ba, mai hali ya saya. Amma na san abin da nake gani a bakin teburina. Talaka zai daure ya sayi gwangwani guda don a ce shi ma ɗansa na shan na kanti, ya kai gida ya ce wa matar a yi tattali. Ita kuma don ya kai ƙarshen wata sai ta riƙa zuba rabin cokali a ruwa cike da kofi. An koma gidan jiya ke nan, sai dai wannan tsararon ya fi na gero tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kaya suka tashi, da yawa daga cikin masu sayen ma sun daina. Na taɓa ganin mutum ya sayar da mudun waken suya a layin 'yan hatsi, ya tako zuwa wurina ya sayi 'yan ledojin abincin yara da kuɗin. Na ce masa, "Ɗan'uwa, abin da ka sayar ya fi abin da ka saya auki." Dariya ya yi, yana tsammanin wasa nake.

To ga yadda aka koya mana, kuma shi muke yi a gidana. Wasu na kiransa Tom Brown, mu dai garin kunun yara muke cewa. A sami gwangwanin madara a yi awo da shi: gero ko dawa ko masara gwangwani 6, waken suya gwangwani 3, gyaɗa gwangwani 1. A tsince kowanne, a fitar da tsakuwa, a wanke. Waken suya shi ne mai aiki, sai an jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawon a zubar, a shanya a kan tabarma mai tsabta inda kaji da awaki ba su kaiwa. In komai ya bushe sai a soya kowanne dabam a kasko ba tare da mai ba, da wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa har ya yi ƙamshi ya ɗan yi ja. Kada a yi wa waken gaggawa, domin wanda bai soyu ba yana da ƙarni kuma yana ɓata wa yaro ciki. A murje jan ɓawon gyaɗar, a haɗa duka a kai inji.

A nan ma akwai abin lura. Injin unguwa da shi ake niƙa barkono da kayan yaji. Ni da kaina nake kai niƙan, in ce wa mai injin ya fara wuce ɗan geron tuwonmu tukuna ya wanke masa ciki, sannan a zuba na yara. In an dawo a tankaɗe da rariya mai laushi, a zuba a roba mai murfi. Mu ba ma yin wanda zai wuce mako biyu, saboda man gyaɗar yana sa gari ya canza wari in ya daɗe. Wajen damawa kuma a kwaɓa da ruwa mai tsabta, a zuba a tafasasshen ruwa, a bar shi a wuta ya dahu sosai, ba a sheƙa ruwan zafi a sauke kamar koko ba. Kaurinsa ya zama in an karkata cokali ba zai zube nan take ba. Ɗan wata shida a fara masa da cokali biyu ko uku, sau biyu zuwa uku a rana, ana ƙarawa a hankali. In ya kai wata tara a mai da shi sau uku zuwa huɗu. In an ga ƙuraje ko kumburin fuska bayan ya ci wani sabon abu, a dakata a kai shi asibiti.

Yanzu ga inda laifinmu mu manoma ya fi girma, wato maganar gyaɗa. Kowa ya san yadda muke yi. In an ɓare gyaɗa sai a zaɓe manya masu kyau a kai kasuwa, a bar ƙanana da motsattsu da waɗanda suka yi baƙi a ce na gida ne. Gyaɗa da masarar da danshi ya taɓa suka yi fumfuna suna ɗauke da wata guba mai lalata hanta, kuma suya ko dahuwa ba sa kawar da ita. Ashe mai kyau mun sayar wa baƙo, mai cutar mun ajiye wa 'ya'yanmu. Duk wanda zai yi garin nan, ya ɗebi na yaro daga cikin wadda ya zaɓa don kasuwa, wadda ta bushe ƙayau kuma ba a ajiye ta a ƙasa ba.

Garin nan kuma ba shi ke nan ba. Akwai kabewa, akwai dankalin Hausa mai jan ciki, akwai ganyen zogale da ke bayan kusan kowane gida, akwai wake, duk a dafa su lugub a murƙushe. A ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa a cikin kunun. In an sami busasshen kifi a cire ƙaya a daka a barbaɗa. Ran da aka yi yanka a dafa 'yar hanta a dame masa, domin ita ke ƙara jini. Sai kuma ƙwai. Mahaifiyata, Allah ya ƙara mata lafiya, da ta ga ana bai wa jikarta dafaffen ƙwai sai ta ce, "Kai, so kake ka koya mata sata?" Na ce, "Inna, ɓarayin da suka dame mu a ƙauyen nan, wanne ne a cikinsu ya tashi da cin ƙwai?" Ta yi dariya ta ce in tashi in ba ta wuri. Muna kiwon kaji da zabi, mu tara ƙwan mu sayar wa mai shayi, ƙato ya ci guda uku a zama ɗaya, jaririn gidan bai san ɗanɗanonsa ba.

Abubuwan da aka hana mu kuma ba su da yawa. Kada a ba yaro zuma sai ya cika shekara guda. Gishiri da sukari da dunƙulen miya ba ya bukatarsu. Kada a ba shi ƙwayar gyaɗa ɗungurungum, tana iya maƙale masa. A bar fida, saboda wanke ta da wuya, ita ke tara dattin da ke kawo gudawa, kofi da cokali sun wadatar. Wanda ya kwana ko ya daɗe a ajiye kada a ba shi. Mai bayarwa ta wanke hannu da sabulu. Babbar kuwa ita ce ɗura. A kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara kunu a tafin hannu ana tura masa yana kuka yana shure-shure. Dukkanmu da ita aka raine mu, na sani, amma kunun yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu. Gara a zaunar da shi a lallashe shi, ko da za a ɓata rabin awa.

Matan da za su karanta wannan za su ce, Malam ya zauna yana lissafa aiki, wa zai yi? Gaskiyarsu. Matar da ke daka da ɗebo ruwa da girki da wanki, in ka ce ta ƙara da jiƙon wake da suya da tankaɗe ba ka kawo itace ba, ba ka ba da kuɗin niƙa ba, ba ka ma ajiye waken ba, to ba za a yi ba, kuma ba laifinta ba ne. Makullin rumbu a hannunmu yake. Ni yanzu da kaka, kafin a ɗinke buhu ko ɗaya, sai na auna na yara na waken suya da gyaɗa na kai ɗakin mai ɗakina, kuma ko bashi ya kama ni ba na taɓa shi. Bai taɓa rage mini wani abin kirki a cinikin shekara ba.

Sai dai kada wani ya fahimce ni a karkace. Garin nan na tsare lafiya ne. Yaron da ya riga ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ya ƙi cin abinci, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba. Abincin ledar nan da ake bayarwa kuma magani ne na mai ciwo, ba na rabawa 'yan gida ba ne. Abin takaici har a kasuwa nakan ga ana sayar da shi, manya na saye suna shafa wa burodi. Masu yin haka su ji tsoron Allah.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure, a nan arewa maso yamma kuwa sun fi rabi. Mu ne kuma ke loda wa manyan motoci hatsi suna kaiwa kudu. Saboda haka ina kira ga gidajen rediyonmu da su riƙa sa wannan magana a cikin shirin manoma, ba a filin mata kaɗai ba, domin in aka ce filin mata ne maigida tashi yake ya fita. Malaman gona da ke zuwa koya mana sa taki su riƙa haɗawa da ita, limamai da masu unguwanni kuma su taɓo ta ranar suna, tun da a nan ne magidanta ke taruwa.

 

Daga naku,
Wani manomi mai tebur a bakin kasuwa,
Ƙasar Funtuwa, Jihar Katsina.