Yaro Mai Gaggawa a Lambu

Akwai yaron da in ya shuka iri yau, gobe sai ya tone ramin ya ga ko ya tsiro. Da haka yakan kashe shukarsa da hannunsa. Wasu malamai sukan hana shi aikin lambu, amma wannan kuskure ne.

Gara a ba shi irin alayyafo, domin cikin kwana 5 ya tsiro, bayan mako 4 an fara tsinka ana miya. A gefen fangalin kuma ya binne ƙwallon mangwaro. Shi mangwaro sai ya shekara 5 ko fi kafin ya yi 'ya'ya. To, yaron da ke ban ruwa safe da yamma, yana cirar ciyawa, yana korar awaki, ina ya ga sukunin tsayawa kan mangwaro yana ƙirga kwanaki?