Sana'a da Cefane: Tallan Waya, Riba ko Hasara?

A wannan wata za mu duba wata tambaya da ta dami masu ƙananan sana'o'i a gidajenmu, watau tela, da mai kitso, da kafinta, da mai kiwon kaji, da uwargida mai suyar cincin. Samari sukan zo bakin shago su ce, "Baba, kawo naira dubu kaza in sa ka a Facebook, gobe ka ga jama'a." Waɗansu sun bayar sun ga amfani, waɗansu kuwa kuɗin cefane ne suka zuba a rijiya. To, ya kamata mai ƙaramar sana'a ya yi talla ta wayar hannu? Amsarmu ita ce i, amma sai ya fara da na kyauta, ya kuma yi lissafi kafin ya taɓa na kuɗi.

Talla dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun san yarinya mai faranti a ka, mun san dillaliya mai shiga gida gida da zannuwa, mun kuma san mai lasifika a ranar kasuwa. Abu ɗaya ya haɗa su duka, muryarsu tana kai wa ga mutumin da zai iya miƙa hannu ya saya nan take. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, sai murya ta sami fiffike. Yau hoton ƙosan da aka toya a Zonkwa yana iya kai Legas kafin ya huce. Amma fa nisan murya dabam, ciniki dabam. Mutum dubu da suka ga ƙosan a Legas ba su kai wa mai tuya maƙwabci ɗaya mai yunwa amfani ba.

Tallan da ba a biya

Mu fara da abin da ke hannunmu. Wanda ke da WhatsApp yana iya sa hoton kayansa a sitatus, ya zauna awa 24 kafin ya ɓace. Amma ba kowa ke ganinsa ba, sai wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa. Wannan kuwa shi ne ƙarfinsa, gama masu gani mutane ne da suka san fuskarka, suka san hanyar gidanka. Saboda haka babban aiki shi ne tara lambobin masu ciniki da yardarsu. Rubuta lambarka da manyan baƙaƙe a jikin shago. Duk wanda ya sayi abu, ka roƙe shi ya ajiye ta.

Akwai kuma WhatsApp Business, wanda aka fitar a 2018 domin 'yan kasuwa. Ba a biyan kuɗin mallakarsa. A ciki mutum yana iya rubuta sunan shagonsa, da inda yake, da lokacin buɗewa, ya kuma jera hotunan kaya kowanne da farashinsa. Ga waɗanda karatu ke yi musu wuya, saƙon murya ya fi rubutu. Mai ƙwai ta ce da bakinta, "Mama, kaji sun yi ƙwai, in ajiye miki kiret nawa?" Wannan dillanci ne irin na dā, sai dai babu yawo a rana. Abin da za a kashe shi ne ɗan kuɗin data da cajin waya.

Tallan da ake biya

Na biyun shi ne wanda samarin nan ke nufi. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, yakan karɓi kuɗi ya nuna hotonka ga mutanen da ba su san ka ba. Kai za ka zaɓi garin, da shekarun mutanen, da yawan kwanakin. Tun daga Janairu 2022 kuma ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 a kan kuɗin irin wannan talla a Nijeriya. Abin lura a nan shi ne, kuɗin kai hotonka gaban mutane kake biya. Ko an saya ko ba a saya ba, kuɗinka ya tafi.

To, bari mu ɗauki alli mu je allo. A ce tela yana samun ribar naira 2,000 a kan kowace riga, bayan ya cire kuɗin zare, da man janareto, da na yaron shago. In ya kashe naira 10,000 a talla, sai sababbin mutane 5 sun kawo ɗinki kafin kuɗinsa ya dawo. Na shida shi ne farkon riba. Wannan mai yiwuwa ne, musamman gab da Kirsimati ko Salla, kuma wanda ya ji daɗin ɗinki yakan dawo har ya kawo ɗan'uwansa. Yanzu a ce mai ƙwai tana samun naira 300 a kan kiret. Ita sai ta sayar da ƙarin kiret 34 kafin ta mai da naira 10,000 ɗin nan. Kajinta ma ƙila ba su da ƙwan da za su ba ta. Kuɗi ɗaya, waya ɗaya, amma abin da ya zama jari ga wani ya zama hasara ga wata.

Daga nan muna iya gane wanda tallan kuɗi zai yi wa rana. Shi ne mai kayan da ribarsu ke da kauri, ba sa lalacewa da wuri, ana kuma iya ba direba a tasha ya kai wani gari. Misali busasshiyar citta ta ƙasar Kachia, ko zuma, ko acca, ko ɗinkin amare, ko kujerun kafinta. Amma mai niƙa, da mai shayi, da mai faci, da mai aski, masu cinikinsu duk a unguwa suke. Allo mai kyau a bakin hanya da sakin fuska sun fi musu kowane talla na kuɗi.

Wanda ya ga zai gwada, ya gwada da kuɗin da in ya ɓace tukunya ba za ta kwana a kife ba. Kada a taɓa jari, kada a taɓa kuɗin makarantar yara, kada a ci bashi. Sa'an nan a sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Duk sabon mai ciniki a tambaye shi, "Ina ka ji labarinmu?" a rubuta amsarsa. Bayan wata guda littafin zai faɗi gaskiya. Kada a ruɗu da yawan masu danna alamar so a ƙarƙashin hoto, gama ba a auna mudun masara da ita.

Saƙon tes da mutuncin jama'a

Akwai masu aika saƙon tes ga ɗaruruwan lambobi gaba ɗaya a kan kuɗi. A nan ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ɗaya daga cikin baƙaƙenmu masu ƙugiya, watau ɗ, ko ƙ, ko ɓ, sai ya koma 70 kaɗai. Ta haka saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗi kuma ya ninka. Ban da haka, tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ba kowa damar toshe saƙonnin talla ta wurin aika kalmar STOP zuwa 2442. Don haka kana iya biya, saƙon bai shiga ba.

A 2023 kuma aka kafa dokar kare bayanan mutane a Nijeriya. Ko da babu doka, ba daidai ba ne a kwashi lambobi daga rajistar ikilisiya ko ta iyayen yara a makaranta domin talla. Mutane sun ba da su domin wani abu dabam. Haka nan zauren WhatsApp na Zumuntar Mata ko na matasa, an buɗe shi domin sanarwar taro, da marasa lafiya, da rasuwa. In hotunan atamfa suka cika shi, sai labarin ta'aziyya ya nutse ba a gani ba. A nemi izinin shugabanni, ko a keɓe rana ɗaya a mako domin masu sana'a.

Waya ba ta gyara mugun kaya

Mu tuna, wayar da ke kai yabo ita ce ke kai zagi, kuma zagi ya fi gudu. A sa hoton ainihin kayan da ke hannu, kada a ɗauko na wani. A rubuta farashi a fili. In an yi alkawarin Jumma'a, ya zama Jumma'a. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a ƙaramin gari inda za a haɗu a kasuwa ko a wurin biki. Mai tallan magani ya sani sai da izinin hukumar NAFDAC. Mai sayarwa kuma ya tsare kansa. Kada ya saki kaya don an nuna masa hoton alat, sai ya duba asusunsa ya ga kuɗin sun shiga. Kada ya ba kowa lambobin sirrinsa na banki, ko lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa, kome daɗin bakin mai tambaya.

Ribar da ta fi duka

Mu malamai mun san 'yan matan da kujerarsu ke zama babu kowa ranar kasuwa, da waɗanda ke gyangyaɗi a aji domin sun yi yawon talla har dare. Mun san kuma haɗarin da ke jiran yarinya mai faranti a tasha da gareji. In uwa za ta karɓi saƙon masu son alale ko kunun zaƙi tun da dare, ta yi daidai adadin da aka nema, a zo gida a karɓa, to, waya ta ɗauki farantin, yarinya ta tafi makaranta. Ba kowace sana'a ce za ta yiwu haka ba, amma inda ta yiwu, wannan riba ta fi wadda ake ƙirgawa da naira.

Saboda haka, 'yan'uwa, a fara da na kyauta, a riƙe littafi, a yi lissafi, a tsare gaskiya. Allah ya sa albarka ga aikin hannuwanmu. Sai mun sadu a wata mai zuwa.