An Kori Uwa Daga Aji

A watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi na tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya tsaya a Abuja wajen wani taro da British Council ta shirya, ya ba da sanarwar cewa an soke tsarin koyar da yara da harshen uwa. Daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa, tun daga ajin share fage har jami'a. Aka yi 'yan kwanaki ana cacar baki, masana harshe suka koka, sannan ƙura ta lafa kamar yadda ta saba. A duk hayaniyar nan akwai wadda ba mu ji an ambata ba, alhali ita hukuncin ya fi shafa, wato uwar yaron. Abin da muka gani shi ne an kori uwa daga aji an rufe ƙofa, kuma gobe za a dawo a ce iyayen Arewa ba su damu da karatun 'ya'yansu ba.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Yaro ɗan shekara shida yana yin sa'o'i biyar ko shida a makaranta, in malam ya zo ke nan. Ragowar yininsa da darensa na gida ne. A takarda, tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A zahiri, ajin da ya haura yara ɗari ba abin mamaki ba ne a makarantun gwamnati na Kano ko Katsina ko Gusau. Malamin da ke gaban yara ɗari, ko da waliyyi ne, ba zai iya zama da kowane yaro ya saurari karatunsa ba. In ya ba kowa minti ɗaya, darasi biyu sun wuce bai koyar da komai ba. Wurin da yaro zai sami mai sauraronsa shi kaɗai, mai cewa "sake karanta wannan", gida ne. Don haka duk tsarin da ya hana gida taimakawa ya karya wa makaranta ƙafa ɗaya.

To wace ce ke gidan? A mafi yawan gidajenmu uwa ce, ko yaya, ko kaka. Da yawa daga cikinsu ba sa jin Turanci, amma kada wannan ya ruɗe mu mu ɗauka ba sa karatu. Matan nan su ne suka riƙe kasuwar littattafan hikaya na Kano tun daga shekarun 1980. Su ne yau suke karanta dogayen labarai a waya, suke rubuta wa juna saƙo da Hausa a WhatsApp, suke lissafin adashi ba a cuce su da ko sisi ba. In yaro ya dawo da littafin da aka rubuta "Kande ta tafi rijiya", uwarsa za ta iya zama da shi, ta ji inda ya yi tuntuɓe, ta gyara masa. In ya dawo da shafin Turanci, iyakarta ta ce "Allah ya ba da sa'a". Malama ce a shirye, ba ta neman albashi, ba ta yajin aiki, an sallame ta da sanarwa guda.

Hujjar minista ita ce sakamakon jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ya nuna an fi faɗuwa a yankunan da suka rungumi harshen uwa. Mu duba wannan magana da idon basira. Tsarin da ya soke, a ƙarshen Nuwamba na 2022 aka amince da shi, zamanin Malam Adamu Adamu, wanda tun a lokacin ya faɗa cewa aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan wannan sanarwa bai gama firamare ba, balle ya zauna WAEC. In kuma ana nufin tsohon tsarin 1977, wanda ya ce a koyar da harshen uwa ko harshen yankin a shekarun farko na firamare, sai mu tambaya: a ina aka taɓa aiwatar da shi yadda ya kamata?

Duk wanda ya taɓa leƙa ajin firamare na gwamnati ya san abin da ake yi. Littafin lissafi da na kimiyya da Turanci suke. Malam ya kwafa a allo da Turanci, ya yi bayani da Hausa don yara su gane, yara su kwafa da Turanci ba su san abin da suke zanawa ba, jarrabawa ta zo da Turanci. Yaro ya fita bai iya rubuta Hausa ba, bai iya jin Turanci ba. Shaidar hakan tana nan: gwajin karatu da aka yi wa ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010 ya nuna mafi yawan yaran ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa. Da Hausa ake koyar da su karatu, da sun karanta ta. Harshen da ba a ba shi littafi ba, ba a horar masa da malami ba, shi aka gurfanar aka yanke wa hukunci. An bar jaki ana dukan taiki.

Jakin kuwa ba ɓoye yake ba. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. Ana iya jayayya da yadda aka yi gwajin da yadda aka sallami mutanen, amma tambaya tana nan: malamin da aka ce bai ci jarrabawar aji huɗu ba, shi ne zai koyar da lissafi da Turanci zalla daga ranar farko? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Shekara da shekaru kuɗi na kwance a asusun UBEC saboda jihohi sun ƙi kawo nasu. Harshen Hausa ne ya hana gwamna biyan kasonsa? Shi ne ya yaye rufin aji, ya bar yara zaune a ƙasa?

Akwai kuma yadda karatu yake shiga kan yaro, wanda bai san siyasa ba. Karatu aiki biyu ne: haɗa baƙi da wasali a fitar da sauti, da gane abin da sautin yake nufi. Yaron da ya tashi da Hausa ya riga ya mallaki na biyun kafin ya taka makaranta. Saura na farkon, kuma rubutun Hausa na boko mai sauƙin kai ne, yadda aka rubuta haka ake faɗa. Yaro ya san ba, be, bi, bo, bu, ya san ka, ke, ki, ko, ku, ya haɗa "ba" da "ki", sai ya ji kalmar da ya sani ta fito daga takarda. Wannan farin cikin shi ke sa yaro son littafi. Turanci kuwa ba ya tafiya a kan ƙa'ida ɗaya, harafi guda yana da sauti iri-iri, har yaran Ingila da suka sha shi a nono sukan fi yaran Italiya ko Finlan daɗewa kafin su iya karatu. Mu kuma muna so ɗan Kazaure ya koyi haɗa baƙi, ya koyi sabon harshe, ya koyi lissafi, duk a lokaci guda, a bakin malamin da shi ma lallaɓawa yake yi. Sakamakon shi ne hadda irin ta aku.

Ba yau aka fara gwada wannan ba. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma darasi ne a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, kuma sun yi fice a sauran darussa. A nan gida ma, makarantar da Dan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam don 'yan makaranta aka rubuta ta a shekarun 1930. Mutanen da suka tashi a wannan tsari su ne suka je Legas da Landan suka yi Turancin da har yau ake sha'awa. Abin kunya shi ne a zamaninmu littattafan koyon karatun Hausa na ƙananan azuzuwa, irin na shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da na shirin RANA a Katsina da Zamfara, da tallafin Amurka da Birtaniya aka samar da su. Baƙo ne ya buga wa ɗanmu littafin harshensa.

Za a ce Nijeriya tana da harsuna fiye da 500, kuma Arewa ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Gaskiya ne. Ba ma neman a ɗora wa ɗan Kanuri ko Banufe ko ɗan Tibi Hausa dole, shi ma haƙƙinsa ne ya fara da harshen da uwarsa za ta iya taya shi. Inda aji ya haɗa harsuna da yawa, a zauna da iyaye a zaɓi wanda yaran suke wasa da shi. Wahalar da ke Jos ko Abuja ba hujja ba ce ta hana ƙauyen da kowa Hausa yake ji. Za a kuma ce Turanci ne harshen aiki da jami'a. Mu ma muna so 'ya'yanmu su iya shi fiye da yadda muka iya. Hanyar dai muke jayayya da ita, domin yaron da ya iya karatu sau ɗaya ba ya sake koyon haɗa baƙi, sabon harshe kawai zai ɗora a kai.

Sai dai ba gwamnati kaɗai ke da kaso a wannan magana ba. Akwai iyaye a cikinmu da ministan ya faɗi abin da ke ransu. Su ne masu auna makaranta da yawan Turancin da yaro yake rerawa, masu murna in an ci yaro tara don ya yi Hausa a aji, masu ɗinka wa ɗan shekara biyar rigar bikin yaye ɗalibai da hula mai tunku alhali ba zai iya karanta sunansa ba. Akwai uban da yake ganin in ya biya kuɗin makaranta ya ba da kuɗin tara ya sauke nauyi, ya kwashe sa'o'i uku a majalisa yana warware rikicin duniya, bai taɓa buɗe jakar ɗansa ba. Akwai gidan da yaya ce ke yi wa ƙane aikin gida, malam ya ba da maki, kowa ya yaudari kowa.

Abin mamaki, mutanen nan ba haka suke yi da makarantar allo ko Islamiyya ba. Tambayi kowane uba, zai gaya maka surar da ɗansa yake. Uwa tana jin tilawa tana tuƙa tuwo, ta gyara ba ta ko waiwayo ba. In yaro ya kai wani matsayi a yi sadaka, in ya sauke a yi walima. Ke nan al'adar bin karatun yaro a gida tamu ce tun fil azal. Nana Asma'u 'yar Shehu ta gane haka tun ƙarni na 19, ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu da waƙoƙi cikin harshen da matan suke ji. Boko ne kawai muka mayar kayan gwamnati, shi kuma ya ƙara nesanta kansa da mu da harshen da gida ba ya ji.

Don haka kiranmu biyu ne. Na farko ga gwamnoninmu da majalisun jihohi. Makarantun firamare a hannun hukumomin SUBEB da ƙananan hukumomi suke, ba a ofishin minista ba. Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. To ga aikin ta-ɓaci: a tabbatar kowane yaro ya iya karanta harshensa kafin ya bar aji uku, a ba shi littafin da zai tafi da shi gida, a horar da malaman ƙananan azuzuwa a kan koyar da karatu, a ware malamin Turanci wanda ya iya Turancin da gaske. A kuma riƙa faɗa wa iyaye gaskiya kowane zango: yara nawa ne a ajin nan suke iya karanta sakin layi guda?

Na biyu ga iyaye, musamman maza. Kada mu jira sanarwa. Rubu'in sa'a bayan magariba ya isa. A sa yaro ya karanta, a nuna masa kalma da yatsa a tsakiyar shafi don a bambance karatu da hadda. A yi masa tatsuniya a ce ya maimaita da bakinsa. A aike shi sayen gishiri ya lissafa canji. A je taron iyaye da malamai da tambayar karatu, ba ta ankon biki ba. Mu kuma marubuta da muka cika kasuwa da labaran manya, ina littattafan 'yan shekara bakwai?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya bar aji uku bai iya karatu ba, duk abin da aka ɗora masa daga baya gini ne a kan yashi, kuma ba ɗan minista ne zai biya wannan bashi ba. A mayar wa uwa kujerarta a karatun ɗanta. In jiha ta ƙi, mu tambayi mai neman ƙuri'armu dalili kafin mu dangwala masa.