Ka Mayar Masa da Sojansa

Akwai wata magana da ke yawo tsakanin 'yan ces na makarantar nan: wai duk wanda ya ƙi shiga faɗa tun a farkon wasa matsoraci ne. Ni kam ban yarda ba, kuma buɗin Evans ne hujjata.

Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Wales, William Evans, ya ƙirƙiro shi shekaru kusan 200 da suka wuce. Fari ya yi e4, doki f3, bishof c4, kai mai baƙi ka amsa da e5, doki c6, bishof c5. Sai ya turo soja b4, wai kyauta. Ka ci, ya kori bishof ɗinka da c3, ka koma a5, ya killace sarkinsa, ka yi d6, ya buga d4. Da soja ɗaya tak ya saye tsakiyar allo, idonsa na kan f7. Ba wasan yara ba ne fa: da shi Kasparov ya kayar da Anand a Riga a 1995, cikin taku 25.

A nan 'yan'uwa ke rikicewa. Su ƙanƙame sojan nan kamar kuɗin makaranta, har a ritsa sarkinsu. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Emanuel Lasker, wanda ya riƙe kambun duniya shekara 27, cewa ya yi a janye bishof zuwa b6 kawai. Fari ya ci e5, ka rama, ya ci sarauniyarka a d8, ka ci tasa da doki, ya ɗauke e5. To, ya karɓi kayansa. Amma da me zai kai hari? Sarauniya ta tafi, sojojinsa na a2 da c3 sun rabu, ba mai kare wani. Wanda ya zo neman kashe wasa a taku 20 zai zauna gadin su har magariba, kuma yawancin masu son irin wannan buɗi ba su da wannan haƙurin. Wa ya ji tsoro a nan, don Allah?

Sai dai a kula, masu wayo kan buga d4 kafin su killace sarki. Ka yi d6 ɗinka, in sarauniyarsa ta fito b3, ka ajiye taka a d7, ta tsare f7.