Karayar Wuyan Hannu: Ɗori ko Filasta?

Jama'a, ina so in yi magana a kan wani abu da ke samun yaranmu na Ojoo da Sabo a nan Badun. Yaro in ya faɗo daga bisa mangwaro, ko aka ture shi wurin ƙwallo, da hannu yakan dafa ƙasa, sai ƙashin wuyan hannu ya karye. Iyaye kuwa sai su zarce da shi gidan maɗori.

Ni a ganina asibiti ya kamata a fara kai shi, a ranar. Ban raina maɗora ba, sana'ar gado ce, hannuwa da yawa kuma sun warke a wurinsu. Amma maɗori da lalube yake aiki, likita kuwa sai ya ɗauki hoton ƙashin tukuna. Kusa da wuyan hannun yaro akwai wani guringuntsi inda ƙashi ke ƙara tsawo. In karaya ta bi ta nan aka ɗora ba daidai ba, hannun yana iya girma a karkace.

Abu na biyu shi ne ɗauri. Hannun da ya karye kumbura yake yi. In aka tamke shi da kara da tsumma, jini ba ya samun hanya, nama ya mutu, ƙarshenta sai an yanke hannun. Filasta kuwa, wadda wani likitan soja na ƙasar Holan, Mathijsen, ya ƙago a 1851, a kan auduga ake naɗa ta, a bar wa kumburi wuri. Mako 4 zuwa 6 galibi ya isa. Ƙashin yaro kamar ɗanyen icce ne, wani lokaci lanƙwasa kawai yake yi. Irin wannan, binciken da aka yi a Ingila, aka wallafa a 2022, ya nuna bandeji ma ya wadatar. To, wa zai bambance su in ba hoto?

Waɗansu sukan ce asibiti akwai tsada. Gaskiya ne, amma nawa ne kuɗin hannu? Ga babban asibitin UCH cikin garin nan tun 1957.

Mu malamai, ga namu aikin. Yaron da ya zo aji da hannu a ɗaure, mu duba yatsunsa kowace safiya. In sun yi sanyi, ko sun sāke launi, ko ya kasa motsa su, ko zafi yana ƙaruwa, kada mu jira a tashi. Mu aika wa iyayensa nan take a tafi asibiti. Allah ya tsare mana yaranmu, amin.