Naɗe-Naɗen Farko: Abin Da Shekara Ta 1993 Ta Nuna Wa Damagaram

Ranar 27 ga watan Maris na shekara ta 1993 ƴan Nijar suka fita zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, suka ba Alhaji Mahaman Usman, ɗan takarar jam'iyyar CDS-Rahama, kashi 54 cikin ɗari na ƙuri'u, Tanja Mamadu na MNSD-Nasara kuwa ya tashi da abin da ya rage. Tun daga samun mulkin kai a 1960 ba a taɓa zaɓen shugaba tsakanin ƴan takara masu hamayya da juna ba sai a wannan karo, shi ya sa magoya bayansa suka laƙaba masa suna Nafarko. A Damagaram da ƙasar Mirriya murnar ta fi ta ko'ina, domin a birnin Damagaram aka haife shi a 1950, kuma tun da Faransawa suka ɗauke babban birnin mulki daga nan suka kai Yamai a 1926 mutanen gabas ke ganin an bar su a baya. Ga shi yau ɗansu ya shiga fada.

Murna halal ce, amma ba ta auna shugaba. Jawabin kamun ƙuri'a ma ba ya auna shi, don bakin ɗan takara ba ya rasa zuma. Abin da ke fara nuna inda sabon shugaba ya dosa shi ne sunayen da ya sa wa hannu cikin makonninsa na farko, da dalilin da ya sa aka zaɓi kowane suna. Wanda ya koma ya duba takardun naɗi na 1993 zai ga cewa yawancin abin da ya auku cikin shekaru uku da suka biyo baya yana kwance a cikinsu tun daga farko.

An rantsar da Mahaman Usman ranar 16 ga Afrilu. Washegari ya naɗa Mahamadu Isufu, shugaban PNDS-Tarayya, Firaminista. Kujerar shugaban Majalisar Dokoki kuma ta tafi hannun Mumuni Adamu Jarmakwai na ANDP-Zaman Lahiya, bayan wata taƙaddama da ta kai har gaban Kotun Ƙoli, aka sake zaɓen a watan Mayu. A nan ya wajaba a yi wa sabon shugaban adalci. Masu tsoron cewa zai cika gwamnati da ƴan garinsu ba su sami hujja a waɗannan manyan kujeru ba: Isufu mutumin jahar Tawa ne, injiniyan ma'adinai da ya yi aiki a kamfanin SOMAIR a Arlit, Jarmakwai kuwa ɗan gidan sarautar Doso ne. Bugu da ƙari ya cika alkawarin da ya ɗauka, abin da ba kowane mai nasara ke yi ba idan ya ji ɗumin kujera.

To, amma wane irin alkawari ne? A zaɓen ƴan majalisa na 14 ga Fabrairu MNSD ce ta zo kan gaba da kujeru 29 cikin 83, CDS ta sami 22, PNDS 13, ANDP 11. A zagayen farko na zaɓen shugaba ma Tanja ne ya zo na ɗaya da kashi 34, Mahaman Usman yana biye da kusan kashi 27. Babu yadda za a ka da tsohuwar jam'iyyar gwamnati sai an haɗa kai, don haka aka ƙulla ƙawancen AFC, wanda ya tara kujeru 50, bisa sharaɗin cewa wanda ya fi samun ƙuri'u a cikinsu shi za a mara wa baya, sauran kuma a ba su kujerar Firaminista da ta Majalisa. Ashe ke nan naɗe-naɗen farko biyan bashi ne. An raba nama tun dabbar tana daji, ba a tsaya an daidaita a kan aikin da za a yi wa ƙasa ba.

Ta fuskar ra'ayin siyasa kuwa, kalma guda ce ta haɗa su, wato canji. CDS tana kiran kanta jam'iyyar dimokuraɗiyya mai kula da jin daɗin jama'a, ƙarfinta yana gabas. PNDS ta taso ne daga malaman makaranta da ƴan boko masu ra'ayin gurguzu. Shi kuwa Jarmakwai tsohon hafsan soja ne da ya yi minista a zamanin Janar Saini Kunce, bai kuma bar MNSD ba sai bayan da Tanja ya ka da shi a takarar shugabancin jam'iyyar a 1991. Mutumin da ya yi shekaru yana cikin ginshiƙan tsohon tsari ya wayi gari yana cikin jagororin canji, ba wanda ya tambaye shi abin da yake so a canja. Ƙin MNSD ya isa a ci zaɓe da shi, amma ba ya biyan albashi, ba ya kuma kawo ruwa a famfunan Damagaram, inda ƙishirwa ta daɗe da zama abokiyar zama.

Inda abin ya fi ɓaci shi ne ƙasa da ministoci. Rabon ya gangara har zuwa kujerun perefe da superefe, da daraktocin ma'aikatu da na kamfanonin gwamnati, kowace jam'iyya tana neman kasonta, ana tuɓe ƙwararrun ma'aikata don kawai an san su da tsohuwar gwamnati. Jama'a da kansu suka raɗa wa wannan zamani suna, suka ce wasoso, kamar yadda yara ke yi idan an watsa musu dabino. Mutumin Yamai yana iya ɗaukar wannan a matsayin labarin manya. Manomin ƙasar Mirriya ba zai ɗauke shi haka ba, domin a wancan lokaci superefe shi ne gwamnati a idonsa. Gabansa ake kai rigimar gona da ta gagari mai gari da sarki, shi ke shiga tsakanin manomi da makiyayi idan shanu sun yi ɓarna kafin a kwashe amfani, ta hannunsa hatsin agaji ke bi a shekarar da damina ta gaza, shi ke sa ido a kan haraji da kuɗin kasuwar Lahadi, inda masu tukwane da masu kayan lambu ke neman na cefane. Idan aka san cewa jam'iyya ce ta kawo shi, kuma jam'iyya ce za ta iya ɗauke shi gobe, to, duk hukuncin da ya yanke, ko da na gaskiya ne, wanda bai ji daɗinsa ba zai ce launin tutarsa aka duba. Wannan ɓarna ba ta bayyana a kasafin kuɗi, amma ta fi gibin kasafi wuyar gyara.

Ba a musun cewa gwamnatin ta tarar da baitulmali wayam, farashin yuraniyom ya faɗi, ma'aikata suna bin bashin albashi na watanni. A watan Janairu na 1994 kuma aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, tsadar magani da kayan waje ta hau, ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta yi ta shiga yajin aiki. Ba Mahaman Usman ya jawo waɗannan ba. Kuma a zamaninsa ne aka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu da ƴan tawayen arewa ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da ƙasa ta mayar ranar haɗin kai. Sai dai wahala ita ke gwada ƙawance, kuma wanda aka gina a kan rabo ba ya jimre ranar da abin rabo ya ƙare.

Tsarin mulkin da aka amince da shi a watan Disamba na 1992 ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da Firaminista ba tare da ya shata iyaka sosai ba, musamman a kan wanda ke da ta cewa wajen naɗi. A watan Satumba na 1994 shugaban ya fitar da wata doka da ta janyo wasu ayyuka daga ofishin Firaminista zuwa fadarsa. Isufu ya yi murabus ranar 28 ga watan, PNDS ta fice daga AFC ta koma ta haɗa kai da MNSD, wato jam'iyyar da aka ƙulla ƙawancen domin a ka da ita. Shugaban ya naɗa Sule Abdullahi na jam'iyyarsa, Majalisa ta ƙi amincewa da shi a tsakiyar Oktoba, shi kuma ya rushe Majalisar. A zaɓen 12 ga Janairu 1995 masu hamayya suka sami kujeru 43 cikin 83.

A nan ne aka yi naɗin da ya fi kowane nuna yadda shugaban ke kallon ikonsa. Masu rinjaye suka miƙa suna guda, Hama Amadu. Shugaban ya ƙi, ya ɗauko Amadu Bubakar Sise, ma'aikacin Bankin Duniya, wanda shi ma ɗan MNSD ne, da zaton zai raba kan jam'iyyar. MNSD ta kori Sise, Majalisa ta tuɓe shi bayan mako biyu, dole aka naɗa Hama Amadu ranar 21 ga Fabrairu. Masu rinjayen ma ba su da gaskiya duka, don miƙa suna ɗaya tilo ƙure ne. Amma wanda ya rushe Majalisa da hannunsa ya koma ga jama'a, jama'a kuma suka ba shi amsa, ba shi da sauran dabara sai karɓar amsar. Daga nan aka shiga zaman ƴan marina: shugaban ƙasa yana ƙin zama taron majalisar ministoci, Firaminista yana sauya shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yardarsa ba. Rigimar duka a kan naɗi take, kamar yadda ƙawancen ya fara a kan naɗi.

Mutanen Damagaram ba su juya wa ɗansu baya ba, kuma wannan haƙƙinsu ne. Sun ci gaba da ba shi ƙuri'a har ya shugabanci Majalisar Dokoki daga 1999 zuwa 2009, ya kuma kai zagaye na biyu a zaɓen 2021. Sai dai da a ce tun watan Afrilu da Mayu na 1993 dattawan Birni da na Mirriya, waɗanda muryarsu ke isa kunnensa fiye da ta kowa, sun tambayi dalilin kowane suna maimakon ƙidayar kason da ya zo gida, da sun yi masa hidimar da masu kirari ba su yi ba.

Akwai wani suna cikin takardun wannan shekara da ba a kula da shi sosai ba a lokacin. A 1993 shugaban ya ɗauki Ibrahim Bare Mainasara ya zama babban hafsan soja na fadarsa, a watan Maris na 1995 kuma aka ɗaga shi zuwa shugabancin rundunar sojan ƙasa baki ɗaya. Ranar 27 ga Janairu 1996, yana da muƙamin kanal, ya tsare shugaban ƙasa da Firaminista, ya dakatar da tsarin mulki, yana kafa hujja da cewa rigimar mutanen biyu ta tsayar da aikin gwamnati.